Ragowar Kafe a Kwanon Mage

Adjamé, Abidjan

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga 'yata Mariam,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uba ga 'yarsa, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki lafiya, ke da gwaggonki Asabe da duk mutanen gidanta. Allah ya tsare fitarki da shigarki, ya sa aikin da kika samu ya zame miki alheri, ya haɗa ki da mutanen kirki a ofis da kuma unguwa. Mamanki tana gaishe ki.

Na san za ki yi dariya idan kika ga takarda daga Adjamé zuwa Treichville, inda taksi ke kai mutum tun shayinsa bai huce ba. Na kuma san kin fi saurin karanta Faransanci. Da gangan na rubuta da Hausa, don ki karanta a hankali. Ranar da kika tashi na so in yi miki maganar nan baki da baki, amma ana ta fitar da kaya, mamanki tana cusa miki yaji da kuka a jaka, ke kuma kina fama da magenki Shoko da ta ƙi shiga kwando. Sai kawai na ce Allah ya kiyaye hanya, na koma ciki.

Maganar a kan magen taki ce. Nasihar zaman duniya mamanki ta yi miki, ta fi ni iyawa. Ni abin da na sani shi ne kafe, wato gahawa, da mage, don a tsakaninsu na ƙare ƙuruciyata. Bayan tafiyarki na shiga ɗakinki don in gyara tagar nan da ke ƙin rufuwa, sai na tarar da kofuna a kan tebur, a bakin taga, har da ƙarƙashin gado, kowanne da ragowar kafe da madara a gindinsa. Tun lokacin jarrabawa kika ɗauki wannan hali. A nan gida mamanki ke bin bayanki tana kwashewa ba tare da kin lura ba. A can babu mai yi miki haka, ga shi kuma ke da Shoko ɗaki ɗaya za ku kwana. Shi ya sa na zauna na ɗauki biro.

Kafin Shoko na yi wata mage, sunanta Minu. Ba za ki tuna ta ba, lokacin ana goyon ki. Ban daɗe da barin shagon kawuna a kasuwar Black Market ba, na buɗe kiyos ɗina a Roxy, nan cikin Adjamé: teburin katako, dogon benci, butar ruwan zafi, kaskon ƙwai da kwandon burodi. Ɓeraye suka sa ni gaba. Duk safiya sai in tarar sun huda burodi sun ɓarnatar da sukari. Ana haka wata rana na ga 'yar mage a ƙarƙashin benci, fara mai baƙin kunne ɗaya, ramammiya har ana ganin haƙarƙarinta. Na jefa mata ɓawon burodi da na tsoma a ƙwai. Daga ranar ba ta sake barin wurin ba, ɓeraye kuwa suka yi ƙaura.

Yawancin masu zama a bencina direbobin gbaka ne, ƙananan bas ɗin hayar nan. Ba sa taɓa shanye abin da aka haɗa musu. Mutum zai ce, "Aboki, kafe da madara, yi sauri," ya kurɓa kaɗan, a yi masa ihu cewa mota ta cika, ya dire kofi ya ruga. Ni kuwa a gidan da na tashi ba a zubar da abinci. Ganin madara tana tafiya a kwata yana ci mini rai. Sai na samo wani ƙaramin kwano na ajiye a gindin tebur, duk ragowar da aka bari in juye wa Minu. Da fari ta shinshina ta kau da kai, ɗacin bai yi mata ba. Na riƙa ƙara madara har ɗacin ya ɓuya, har ta saba. Ni da hannuna na koya mata.

Ba a daɗe ba halinta ya canja. Ta daina barcin rana irin na mage. Sai ta yi ta kaiwa da komowa a kan tebur, idanunta a buɗe tar, kunnuwanta suna motsi, ta yi tsalle ta kai wa iska cafka. Direbobi suka mai da ita abin nishaɗi. Wani ya ce, "Aboki, ba ni aron magen nan ta riƙa kira mini fasinja, ta fi yaran motata kuzari." Aka yi dariya, ni ma na yi, har ina jin daɗi. Idan na ɗauke ta nakan ji zuciyarta tana bugawa a tafin hannuna kamar keken ɗinki. Na ɗauka ƙoshin lafiya ne.

To ga abu na farko da nake so ki riƙe. Abin da ke yi miki daɗi ba lallai ya zama alheri ga abin da kike kiwo ba. Ni da zuciya ɗaya na ba ta, amma zuciya ɗayar ba ta rage komai daga abin da ke cikin kwanon ba. Idan kika ga mage ta wuni tana barci, ta tashi ta yi miƙa ta koma, wannan shi ne lafiyarta. Idan kika ga ta kasa zama wuri ɗaya, kada ki yi dariya, ki tambayi kanki me ta samu.

Wata safiya wurin ya cika, ana ta miƙo hannu ta kowane gefe, gwiwar hannun wani ta ture gwangwanin garin kafe. Ya kife a kan tebur daidai inda madarar gwangwani ta tsiyaya, suka cakuɗe suka zama kamar kunu mai kauri. Ba zan iya sayar wa mutane wannan ba, kuma na ƙi in zubar. Na kankare da cokali, na zuba ruwan ɗumi, na ƙara madara, na tura wa Minu. Ta lashe kwanon tas.

Da hantsi ta fara amai. Sai ta buɗe baki tana haki kamar kare, abin da ban taɓa ganin mage ta yi ba. Jikinta ya ɗauki rawa. Ta yi ƙoƙarin hawa benci ta faɗo, ta kwanta a gefe ɗaya tana shure-shure. Na tsuguna a kanta ban san abin yi ba, ruwa yana tafasa a buta, mutane suna jiran ƙwai. Kafin azahar ta mutu.

Ko sau ɗaya tunanina bai je kan kwanon ba. Kafe ai abin da nake sha ne kullum, abin da nake ciyar da ku da shi. Tunanina kan maƙwabcina ya tafi.

Lasina ne sunansa, ɗan ƙabilar Jula, yana sayar da acheke, dambun rogon nan, da soyayyen kifi a rumfar da ke jingine da tawa. Mun shaƙu sosai. Kowace safiya ina miƙa masa kafe, da rana shi kuma ya miƙo mini kifi. Ranar sunanki matarsa ce ta wuni a bakin murhu tare da mamanki. Amma a 'yan kwanakin nan ya sha yin ƙorafi cewa Minu tana satar masa kifi, har ya taɓa cewa, "Aboki, wata rana sai na yi maganin magen nan taka." Wannan maganar ce ta faɗo mini. Na tashi daga kan gawar na nufi rumfarsa, mutane suna zaune suna cin abinci.

Na ce, "Lasina, me ka ba ta?"

Ya ce, "Wa?"

"Minu. Ka ce za ka yi maganinta, ga shi ka yi. Guba ka sa mata a kifi."

Ya ajiye matsamin da ke hannunsa, ya goge hannu a zanen da ya ɗaura a ƙugu. Ya dube ni ya daɗe, sannan ya ce, "Ka tabbatar da abin da kake faɗa?"

Na ce, "Na tabbatar."

Ya ɗauki matsaminsa ya koma kan kaskonsa. Amma na ga wasu sun janye hannu daga faranti. Mariam, mai sayar da abinci na kira da mai guba, a gaban masu cin abincinsa, a Roxy inda magana ke shiga gbaka ta zaga gari kafin yamma. Cinikinsa ya ja baya. Muka zauna rumfa na jingine da rumfa ba ma ko gaisawa. Bayan wasu watanni ya kwashe kayansa ya koma Indénié. Na ga tafiyarsa, na ce a raina rashin gaskiya ne ya kore shi.

Ga abu na biyu. Duk ranar da wani abu ya lalace a hannunki, ki fara duba abin da ke kanki kika yi kafin ki ɗaga ido ki dubi na kusa. Kuma kada ki buɗe baki zuciyarki tana tafasa, musamman a gaban jama'a. Yanzu kin shiga ofis, za a ɓatar da takarda, za a yi kuskure, za ki ji sunan wani ya zo miki baki da sauri. Ki riƙe shi. Ki kwana da shi tukuna.

Shekaru suka wuce, ban sake yarda mage ta zauna a kiyos ba. Kina firamare kika shigo gida da Shoko a cikin jakar makaranta, kanta kawai ya leƙo. Kika ce sunanta ke nan saboda tana tafiya da yanga kamar samarin Plateau 'yan gayu da ake ce wa shoko. Na so in hana, mamanki ta ce a bar ki.

Ranar da abin ya faru za ki tuna wani sashe, amma kina ƙarama, ba ki san abin da ke raina ba. Asabar ce, na rufe kiyos da wuri na dawo gida da gajiya. Na haɗa wa kaina kafe mai ƙarfi a babban kofin nan na silba, na cika shi da madara, na zauna a tabarma a tsakar gida. Kurɓa kaɗan na yi aka kira azahar. Na bar kofin a nan na tafi masallaci. Da na dawo na tarar an kusa shanye shi, Shoko tana gefe tana lasar gashin baki. Lokacin ba ta fi tafin hannuna biyu ba. Har na yi mata tsiya, na ce ta bar mini kaɗan mana.

Ba a jima ba kika zo da gudu kika ce, "Papa, Shoko ba ta da lafiya." Na je na duba. Tana zagaya ɗaki, ta yi amai a bakin ƙofa, bakinta a buɗe tana haki, ƙafafunta na baya suna rawa. Na taɓa ganin wannan. Duk da haka kaina bai kawo gaskiya ba. Na ce wani a gidan ya sa maganin ɓera. Na aika aka kawo manja, na dama gishiri a ruwa, na danne ta tsakanin gwiwoyina ina ɗura mata don ta amayar. Ta shaƙe, ta yi ta tari, ta yakushe ni a hannu. Ke kina tsaye kina kuka ba sauti.

Mamanki ta ce, "Baban Mariam, bar ta haka, ƙara mata wahala kake yi. Akwai likitar dabbobi a Treichville. Matar nan da nake kai wa turare can take kai karenta."

Na ce, "In ɗauki mage in tsallaka gada da ita? Mutanen da ke kwance a gida ba su ga likita ba, sai mage? Me za a ce da ni a unguwa?"

Ta ce, "A ce abin da za a ce. Dubi fuskar 'yarka."

Na dube ki. Na tashi na nemo kwali.

Kin tuna taksin? Direban yana ta leƙen madubi saboda kwalin yana motsi a cinyarki. Cunkoso ya riƙe mu a Indénié, kina ta cewa da shi ya yi sauri, shi kuwa ba inda zai bi. Ni a lokacin ban daina jin kunya ba. Ina addu'a kada wani wanda ya san ni ya leƙo ya ga abin da na ɗauko. Sai da muka hau gada, kika buɗe kwalin kika sa hannu kika ce, "Papa, zuciyarta tana gudu," sannan kunyar ta bar ni, tsoro ya maye gurbinta.

Likitar mace ce mai tabarau, ba ta da yawan magana. Faransancina na kasuwa ne, ita kuwa nata na makaranta, don haka ke kika tsaya tsakaninmu. Ta tambaya me magen ta ci ko ta sha, yaushe, kuma yaya yawansa. Na ce guba ce, maganin ɓeran maƙwabta. Ta ce na ga maganin da idona? Na ce a'a. Sai ke kika ce, "Ta shanye kafen Papa."

Na ce, "Faɗa mata wannan ba komai ba ne, kafe ne kawai da madara."

Ba ki ma fassara ba, ta gane daga hannuna. Ta daina abin da take yi ta dube ni ta saman tabarau, ta yi magana a hankali. Kika yi ta neman kalmomin Hausa, daga ƙarshe kika ce, "Papa, ta ce akwai wani abu a cikin kafe, sunansa kafeyin. Shi ne yake hana ka barci. Ta ce kai babba ne, jikinka yana iya ɗauka. Shoko ƙarama ce, shi ne yake sa zuciyarta gudu, idan ya yi yawa zuciyar tana iya tsayawa."

Da ta ji labarin manja da gishiri ranta ya ɓaci. Ta ce gishirin kaɗai yana iya kashe mage, man kuma yana iya bi ta hanyar numfashi ya shiga huhu. Ta yi wa Shoko allura, ta ba ta wani baƙin magani kamar gawayin da aka dama, ta sa mata ƙarin ruwa a ƙafar gaba. Ta ce mu bar ta a wurinta, ba ta yi mana alkawarin komai ba.

Mun kai bakin ƙofa na tsaya. Na ce ki tambaye ta, idan mage ta sha garin kafe kansa, mai yawa, an dama da madara fa? Ta ce wannan ya fi haɗari nesa ba kusa ba. Na ce ki tambaye ta ko tana faɗuwa ta yi ta shure-shure. Ta ce haka ne. Kika ɗago kai kika ce, "Papa, wace mage ce?" Na ce mu tafi, mamanki tana jira.

Allah ya yi Shoko tana da sauran kwana. Da muka koma ɗaukar ta, tana jin muryarki ta yi kuka daga cikin keji.

Ga abu na uku, kuma shi ne wanda nake so ki haddace. Idan kika ga Shoko ta kasa zama, tana amai, tana haki da baki a buɗe, jikinta yana rawa, ko kika ji zuciyarta tana gudu, kada ki tsaya jiran ki ga yadda za ta kwana. Kada ki ɗura mata manja, ko gishiri, ko madara, ko wani abin da mutanen gida za su ce an saba yi. Za su faɗa da kyakkyawar niyya, ki yi musu godiya ki ɗauki kwandonki. Ki lura da abin da ta sha da lokacin da ta sha, in da hali ki tafi da kofin ko gwangwanin. Ki faɗa wa likita gaskiya ko da laifin naki ne, don da gaskiyar zai yi aiki. Ni ƙaryar da na yi wa kaina ta kusa sa a nemi maganin abin da ba shi ne ba. Kuma tun yanzu, tun tana lafiya, ki nemi inda likitan dabbobi yake a kusa da ku. Ban sani ba ko likitar nan tana nan har yau. Ki je da ƙafarki ki ga ƙofar, ki san lokacin da suke buɗewa, ki sa lambarsu a wayarki. Ranar tashin hankali ba ranar tambayar hanya ba ce.

Bayan Shoko ta dawo gida, na shirya wata rana na tafi Indénié. Na sami Lasina a bakin kaskonsa, furfura ta fito masa a gemu. Ya gan ni tun daga nesa. Da na iso ya ce, "Aboki," ya nuna mini benci, kamar jiya muka rabu. Na zauna na faɗa masa duka: kwanon, garin da ya zube, abin da likita ta ce. Na ce na zalunce shi, ya yafe mini.

Ya juya kifin da ke cikin mai, ya tsame, ya sa wani. Sannan ya ce, "Kafen da kake ba ni da safe, ban taɓa shanye shi ba. Ya cika mini zaƙi, na kuma ji nauyin in faɗa maka. Rabi nake sha, in zagaya bayan rumfa in zuba mata rabi."



Ya ce, "Kifin ma ba kullum take sata ba. Ni nake jefa mata kai. Faɗan da nake yi na baki ne kawai." Ya goge fuska da bayan hannu. "To ka gani, ashe ba ƙarya ka yi mini gaba ɗaya ba."

Na ce masa a'a. Shi ya ba ta cikin rashin sani kamar yadda na ba ta, abin da ya kashe ta kuwa daga hannuna ya fito, sannan na ɗora masa abin da bai yi ba. Ya ce ya wuce, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Ya zuba mini acheke, na ci. Amma bai dawo Roxy ba, kuma ba zan ce miki mun koma kamar da ba. Muna gaisawa, na je sunan jikansa, ya zo duba ni lokacin da na kwanta. Iyakarta ke nan. Neman gafara wajibi ne, ki yi shi da wuri, amma kada ki ɗauka yana mayar da komai inda yake.

Saura kuskure ɗaya, shi kuma tsoro ne ya jawo shi. Da Shoko ta warke, na ƙudura ba za ta sake kusantar kofi ba. Duk lokacin da na ga ta nufi inda na ajiye kafe sai in ɗaga silifa in kai mata duka. Kina jin haushi, ina cewa don amfaninta nake yi. Abin da ta koya shi ne tsoro na. Idan na shigo gida sai ta shige ƙarƙashin gado. Kofin kuwa ba ta ji tsoronsa ba ko kaɗan. Wata rana na fita alwala na dawo na same ta a kan tebur, kanta a cikin kofina. Allah ya sa lasa ɗaya ta yi. Na sunkuya zan ciro silifa, mamanki ta riƙe mini hannu.

Ta ce, "Ita ba ta san kafe ba, ƙanshin madara take bi. Kai ne ka sani. Wa ya kamata ya gyara?"

Ta shiga ɗaki ta ɗauko ƙaramin faranti ta kifa a bakin kofin, ta koma wajen girkinta. Maganin ke nan, kuma tun farko yana cikin kwandon kwanukanmu. Shoko ta daɗe kafin ta yarda ta sake kwanciya kusa da ƙafata. Har ranar da kika tafi da ita, idan na sunkuya zan sa takalmi sai ta kwantar da kunne.

Don haka kada ki dake ta a kan abin da ke ce za ki iya hanawa. Idan za ki tashi daga kan kofi, ko da minti ɗaya ne, ki rufe shi da abu mai ɗan nauyi, don takarda ko faifai turewa za ta yi. Idan kin gama, ki zubar da ragowar ki ɗauraye nan take, kada ki ce sai da safe. Gwangwanin gari ya zauna a cikin kabad a rufe. Shayi ma haka yake, da ganyensa da 'yar jakar da ake tsomawa, a bokitin shara mai murfi za ki jefa su. 'Ya'yan gwaggonki suna dafa shayin ataya a ƙofar gida su watsar da ganyen a ƙasa, ki sa ido a nan. Likitar ta lissafa mini har da baƙin lemon kwalba, da cakulan, da wasu ƙwayoyin ciwon kai. Yanzu kuma ga 'yan gwangwanayen nan da matasa ke sha don ƙarin kuzari, an ce abin da ke cikinsu ɗaya ne da na kafe. Goron gwaggonki ma kada ki bar ɓarɓashinsa a tabarma. Ki ajiye mata ruwa mai kyau kullum a wuri ɗaya, ki riƙa canja shi. Madara ba dole ba ce, wasu magunan ma ɓata musu ciki take yi.

Ki yi wa mutanen gidan bayani cikin ladabi, tun ba a yi komai ba. Wanda zai cutar da ita ba maƙiyinta ba ne, wanda ya ji tausayinta ne ya miƙa mata ragowar kofinsa. Idan ta yi lasa ɗaya kafin ki ankara, kada hankalinki ya tashi, ki ɗauke kofin ki sa mata ido. Amma ki tuna ta tsufa yanzu, abin da ta jure tana ƙarama ba lallai ta jure shi yau ba. In kin yi shakka, ki kira likita.

Ke ma ki rage. Mai sayar da kafe ne yake faɗa miki. Ki ci abinci kafin ki sha, kuma idan jikinki ya nemi barci ki ba shi.

Ki yi wa gwaggonki biyayya, ki taya ta aikin gida ko kin dawo a gajiye. Ki riƙe sallarki a kan lokaci. Allah ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki, ya kare ki a mota da kan gada, ya ba ki lafiya da kwanciyar rai, ya yi miki albarka a duk inda kika sa ƙafa. Allah ya ba ki ikon riƙe amanar abin da ke hannunki, mai magana da marar magana.

Mamanki ta ce ki zo ranar Lahadi, za ta yi miyar kuɓewa. Idan za ki zo, ki bar Shoko a can, kada ki wahalar da ita a mota saboda mu. Ni zan shigo Treichville wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, in gaishe da gwaggonki, in gan ta.

Wassalamu alaikum.

Babanki,
Haruna